Alexander Cartwright

Alexander Joy Cartwright (17 ga Afrilu 1820 – 12 ga Yuli 1892) Ba'amurke ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasan baseball ta Knickerbocker a birnin New York.

A shekarar 1845 ƙungiyar ta rubuta dokoki 20. Dokokin sun hana jifan mai gudu da ƙwallo don a fitar da shi, sun kuma ba da zango ɗaya kacal idan ƙwallon da aka buga ta daki ƙasa ta fice daga fili.

Ya koma Hawai a 1849, ya shugabanci 'yan kwana-kwanan Honolulu, a can kuma ya rasu. A 1938 aka sanya shi a zauren gwarazan wasan da ke Cooperstown, sai dai masana tarihi na cewa William Wheaton da William Tucker ne suka tsara dokokin.