JEAN ROUCH: BAFARANSHEN DA AJALI YA RISKA A ƘONNI

Mu mutanen Lafani da Illela mun san hanyar Birnin Ƙonni kamar yunwar cikinmu. A kusa da garin ne, ranar 18 ga Fabrairu 2004, hatsarin mota ya zama ajalin wani tsohon Bafaranshe mai shekara 86, Jean Rouch.

An haife shi a birnin Paris a 1917. Ya iso Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, yana kula da leburori. Can ya haɗu da wani saurayi ɗan gidan sarkawa, Damouré Zika, wanda suka yi abota ta fiye da shekara sittin. A 1942 aradu ta kashe wasu leburorinsa. Damouré ya kai shi wurin kakarsa, ya ga yadda Zabarmawa ke yin irin nasu borin bayan faɗuwar aradu. Tun daga ranar aikin hanya ya fita ransa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da abokai biyu, suka bi kogin Kwara a kwalekwale daga 1946 zuwa 1947, yana ɗaukar sinima. Fim ɗinsa Jaguar labarin 'yan ci-rani ne daga Nijar zuwa ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar da kakanninmu ma suka sani. Damouré da Lam Ibrahim Dia sun fito a ciki, kuma su suka tsara maganganunsu da kansu. Oumarou Ganda, wanda ya fito a Moi, un noir a 1958, daga baya ya zama gwanin shirya fim.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari, kuma zargin ba na banza ba ne, domin Les Maîtres fous ya ɓata wa mutane da yawa rai. Gidansa ma yana Paris, zuwa yake yi yana komawa. Amma a Yamai aka binne shi.

An sa wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai sunansa. A 2024 gwamnatin soja ta cire, ta sa na Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, wanda Rouch ya taimaka wa tun yana saurayi.