Stover Kulp: Baturen Garkida da ya koyar da ƙin ramuwa

Duk wanda ya taɓa bin motar shanu daga Mubi zuwa Kudu ya wuce ta Kwarhi, inda makarantar Kulp take. To, wane ne Kulp ɗin nan?

An haifi Stover Kulp a Amurka a 1894. Shi da Albert Helser suka iso Garkida, suka yi sujadar farko a gindin tsamiya ran 17 ga Maris 1923. Shekara na zagayowa matarsa da jaririnsu suka rasu, amma bai fasa ba. Ya koyi Bura da Margi, aka buɗe makarantu da asibiti. Cocinsu bai yarda da ɗaukar makami ba. In an saɓa, mutum biyun su zauna. In ta ƙi, a kira shaidu, sannan jama'a.

Ya rasu a 1964, daga aikinsa kuma cocin EYN ya fito. Da Boko Haram ta ci Mubi da Kwarhi a Oktoban 2014, shugabannin cocin sun yi ta kira kada a rama, suka ci gaba da zama da malaman Musulmi. Mu da ke neman abinci a garin wasu, sai mu duba.