Lord Stanley na Alderley: Musulmi na farko a Majalisar Dattawan Birtaniya

A shekarar 1869 ne Henry Edward John Stanley ya gaji sarautar mahaifinsa, ya kuma hau kujerar gidansu a Majalisar Dattawan Birtaniya, inda ya zama Musulmi na farko da ya taɓa zama a wannan majalisa.

Ba zaɓensa aka yi ba, kuma ba wata gwamnati ce ta naɗa shi ba. Dokar gadon sarauta ta Ingila ce ta ba shi kujerar, domin shi ne babban ɗa namiji, kuma babu wanda ke da ikon hana shi, ko da mahaifin da ya mutu yana fushi da shi.

Gidan da ya fito

An haifi Henry Stanley a watan Yulin 1827, a cikin ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen masu ƙasa na gundumar Cheshire, kudu da birnin Manchester.

Tun a 1660 zuriyar ke riƙe da ƙaramar sarauta ta gado. A 1839 aka ɗaga darajar kakansa, John Thomas Stanley, aka ba shi muƙamin Lord, wanda ya buɗe wa gidan ƙofar Majalisar Dattawa.

Arzikin irin waɗannan gidaje a wancan zamani yana cikin ƙasa ne. Manoma na zaune a gonakinsu suna biyan haya, kuma ta hanyar auratayya da wasu manyan gidaje dukiyar ke ƙara faɗaɗa. Ta haka ne gidan Stanley ya mallaki gandun Penrhos da ke tsibirin Anglesey a yankin Wales.

Al'adar ita ce babban ɗa ya kwashe sarauta da ƙasa gaba ɗaya, ƙannensa kuma su nemi na kansu a aikin soja, ko aikin lauya, ko limancin coci.

Gidan yana da ƙafa a gwamnati da kuma coci. Mahaifin Henry, Edward John Stanley, ya riƙe ma'aikatar ciniki daga 1855 zuwa 1858, sannan ya shugabanci hukumar gidan waya daga 1860 zuwa 1866. Ƙanen kakansa shi ne bishop na Norwich.

Mahaifiyarsa kuwa, Henrietta Maria, tana cikin waɗanda suka kafa kwalejin Girton ta Cambridge domin ilimin mata.

Aikin jakadanci da shiga Musulunci

Henry ya yi karatu a makarantar Eton da kuma kwalejin Trinity ta jami'ar Cambridge, hanyar da 'ya'yan manyan Ingila suka saba bi.

A 1847 ya kama aiki a ma'aikatar harkokin waje ƙarƙashin Lord Palmerston. A 1851 aka tura shi ofishin jakadancin Birtaniya da ke Istambul, hedkwatar Daular Usmaniyya, daga baya kuma ya yi aiki a birnin Atina na ƙasar Girka.

Mutum ne mai baiwar harsuna. Ban da harsunan Turai da dama, ya san Larabci da Turkanci da Farisanci.

Zamansa a ƙasashen Usmaniyya ya zo daidai da lokacin yaƙin Kirimiya, sa'ad da manyan ƙasashen Turai ke ta kai gwauro su kai mari a kan makomar daular. Abin da ya gani a can ya ƙara masa ƙaunar Musulmi, ya kuma sa shi shakkar yadda ƙasarsa ke mu'amala da mutanen Gabas.

A 1859 ya ajiye aikin jakadanci, ya kama tafiye-tafiye a nahiyar Asiya. A wannan shekara ce jaridu suka fara ɗauko labarin cewa an ga ɗan Lord Stanley cikin tufafin Musulmi, yana zaune a cikinsu a matsayin ɗayansu. An ce ya ɗauki sunan Abdurrahman.

Labarin ya tayar da hankalin iyayensa. Wasiƙun da suka yi musaya a tsakaninsu, waɗanda marubuciya Nancy Mitford, jinin gidan, ta tattara ta wallafa a 1939, sun nuna irin fushin uban da kuma damuwar uwar.

A wurin ɗan siyasa irin mahaifinsa, abin kunya ne a ce magajin gida ya bar aikin gwamnati, ya kuma bar addinin kakanninsa. Sai dai fushi bai canza dokar gado ba.

A zauren majalisa

Lokacin da uban ya mutu a watan Yunin 1869, Henry ya zama Lord Stanley na Alderley na uku.

Shekaru uku kafin nan, a 1866, an yi wa rantsuwar 'yan majalisa kwaskwarima, aka cire kalmomin da ke ɗaure mai rantsuwa da addinin Kirista. Bayahude na farko da ya shiga Majalisar Dattawa, Lord Rothschild, sai a 1885 ya samu kujera, wato shekaru 16 bayan Stanley.

Bai jingina kansa da ko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ba. Ya fi mayar da hankali ga al'amuran Indiya, inda ya riƙa yi wa gwamnati tambayoyi a kan yadda jami'an mulkin mallaka ke tafiyar da talakawan ƙasar.

Amma kurumta da ya yi fama da ita ta rage wa jawabansa tasiri, kuma bai taɓa riƙe muƙamin minista kamar mahaifinsa ba.

Inda sunansa ya fi ɗorewa shi ne fagen ilimi. Ya fassara tsofaffin littattafan tafiye-tafiye na Turawan Fotugal da Sifaniya zuwa Ingilishi domin ƙungiyar Hakluyt, ciki har da labarin tafiye-tafiyen Vasco da Gama a 1869, da na zagaye duniya da ayarin Magellan ya yi, a 1874, da kuma na tawagar Fotugal zuwa ƙasar Habasha, a 1881.

Musulmi mai gyaran coci

A matsayinsa na mai ƙasa, Lord Stanley ya rufe gidajen giya da ke cikin gandunsa na Alderley, domin shi kansa ba ya kusantar barasa.

Duk da haka bai yi watsi da nauyin da al'ada ta ɗora wa mai ƙasa ba, na kula da wuraren ibadar talakawan da ke zaune a ƙasarsa, waɗanda Kiristoci ne.

A tsibirin Anglesey, inda ya gaji gandun Penrhos daga ƙanen mahaifinsa a 1884, ya kashe kuɗinsa wajen gyara tsofaffin coci-coci da dama.

Wanda ya fi shahara shi ne cocin Llanbadrig da ke bakin teku kusa da garin Cemaes. An ƙawata bangonsa da shuɗin tayil mai zane irin na masallatai, tagoginsa kuma da gilashi mai zanen siffofi maimakon hotunan mutane da aka saba gani a coci.

Aure da 'yan'uwa

Rayuwar aurensa ta kasance mai sarƙaƙiya. A 1862 ya auri wata 'yar Sifaniya da aka sani da suna Fabia bisa tsarin Musulunci, ya kuma ɓoye wa danginsa har bayan mutuwar mahaifinsa.

An sake ɗaura auren a ofishin rajista a Landan a 1869, sannan a wani cocin Katolika da ke Macclesfield a 1874. Daga baya masu binciken tarihi sun gano cewa matar tana da wani miji a Sifaniya, wanda bai mutu ba sai a 1870. Ba su samu haihuwa ba.

Ba Henry kaɗai ne ya bi tasa hanya a gidan ba. Ƙanensa Algernon ya koma ɗariƙar Katolika har ya zama bishop. Wani ƙanen nasa, Lyulph, ya yi suna wajen fafutukar raba makarantun gwamnati da ikon coci.

Ƙanwarsa Rosalind, matar Lord Carlisle, ta zama jagora a yaƙi da shan giya. Wata ƙanwar, Katharine, ita ce mahaifiyar masanin falsafa Bertrand Russell, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1950. Blanche kuma ita ce kakar Clementine, matar Firayim Minista Winston Churchill.

Rasuwarsa

Lord Stanley ya rasu a watan Disambar 1903, cikin watan Ramadan, yana da shekaru 76.

An yi masa jana'iza irin ta Musulunci, limamin ofishin jakadancin Usmaniyya da ke Landan ne ya sallace shi. An binne shi a cikin gandunsa na Alderley, ba a makabartar cocin ƙauyen ba.

An kuma yi masa salla a masallacin Liverpool, ƙarƙashin jagorancin Abdullah Quilliam, lauyan nan Bature da ya musulunta, wanda ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya a bikin buɗe masallacin Shitta-Bey na Legas a 1894.

Tun da bai bar ɗa ba, dokar da ta ba shi sarautar ita ce ta miƙa ta ga ƙanensa Lyulph, wanda ba su jitu a kan addini ko siyasa ba. Da haka Musulunci ya fita daga gidan Stanley tare da mutum ɗayan da ya shigo da shi.

Ƙasar ma ba ta daɗe a hannun zuriyar ba. Gobara ta cinye babban gidan Alderley a 1931, kuma a 1938 Lord Stanley na shida ya sayar da gandun, bayan harajin gado da wasu kashe-kashen kuɗi sun yi wa dukiyar illa. A 1950 kamfanin ICI ya sayi wurin, ya mayar da shi cibiyar binciken magunguna.

A 1999 kuma aka yi dokar da ta raba mafi yawan masu sarautar gado da kujerunsu a Majalisar Dattawa.