Al Gross, yaron da ya haɗa oba-oba da tarkace

Idan kai ɗan Safana ne ko Batsari, ba sai an tuna maka watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Ga waya a hannunka, ga caji, amma ba ta da maraba da dutse. Dalili kuwa, wayarka ba ta magana da ta ɗan'uwanka kai tsaye, sai ta bi ta eriyar kamfani. Oba-oba kam ba ruwanta da kamfani, na'ura ce ke kiran na'ura. To, yau zan ba ka labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera ta.

An haifi Al Gross a Toronto ta ƙasar Kanada a 1918, ya tashi a birnin Cleveland na Amurka. Yana ɗan shekara 9 iyayensa suka shiga jirgin ruwa da shi a tafkin Erie, sai mai kula da rediyon jirgin ya bar shi ya saurara. Shi ke nan, abin ya shiga ransa. Kafin ya wuce shekara 12 ya mayar da ɗakin ƙasan gidansu wurin aiki, da kayan da yake tsintowa wajen 'yan gwangwan. Ka lura da wannan fa, ba sabbin kaya ya fara da su ba. Yana shekara 16 ya samu lasisin rediyo, a 1938 kuma, yana ɗalibi, ya haɗa ƙaramar rediyon da ake riƙewa a hannu, ka yi magana a ba ka amsa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hukumar leƙen asirin Amurka ta nemo shi. Ya yi aiki a kan wata na'ura da aka raɗa wa suna Joan-Eleanor: ɗan leƙen asiri yana ƙasa a yankin da Jamus ta mamaye, yana magana da jirgin da ke shawagi can sama, abokan gaba ba su ji. Sai 1976 aka bayyana sirrin.

Bayan yaƙi ya ce talaka ma ya samu. A 1948 hukumar sadarwar Amurka ta amince da rediyon kamfaninsa, wadda ta zama mafarin abin da ake kira CB, wato rediyon jama'ar gari. Manoma na cikin manyan masu sayenta, don gonakinsu sun yi nisa da layin tarho. Daga baya, a 1958, aka ware wa CB tashoshi 23, aka ƙara su zuwa 40 a 1977, tasha ta 9 kuma ta neman agaji ce kawai. Direbobin manyan motoci suka rungume ta, suna sanar da juna halin hanya.

Amma shi Gross bai yi arziki da ita ba. A 1949 ya ƙera na'urar kiran likita daga nesa, likitoci suka ƙi ta. Ya kai wa kamfanonin tarho shawarar wayar tafi-da-gidanka, suka yi biris. Kafin duniya ta waye, wa'adin takardun mallakar fasaharsa ya ƙare, wasu suka kwashi garaɓasa. Ni a ganina ya riga zamaninsa ne kawai, ba rashin wayo ba ne.

Yau a Amurka da Turai akwai masu tara tsofaffin rediyon CB irin su Cobra da Midland, suna raya su. Kuma aikin ba wani tsafi ba ne. A buɗe, a kakkaɓe ƙura, a cire kafasitocin da suka bushe a sa sababbi, a liƙe wayar da ta saki da dalma, a goge maɓallan da suka yi tsatsa, a daidaita eriya. Je ka tsaya wajen mai gyaran rediyo ranar kasuwa, wallahi kusan abin da yake yi ke nan. In kana da tsohuwar rediyon kakanka da ta daina magana, da ita za ka fara.

Sai dai a kula. A Najeriya sai da izinin hukuma ake amfani da irin waɗannan tashoshi, kuma a yankinmu, inda ake zargin duk wanda aka gani da oba-oba, yawo da ita ba takarda jawo wa kai fitina ne. Koyi gyara tukuna, watsa magana sai da izini.

Gross bai taɓa ajiye aiki ba. Yana injiniya a kamfanin Orbital Sciences mai ƙera taurarin ɗan'adam har ya haura shekara 80, kuma yana son zagaya makarantu yana nuna wa yara tsofaffin na'urorinsa. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Lemelson-MIT, ya rasu ranar 21 ga Disambar wannan shekarar a jihar Arizona, yana da shekara 82.