Nana Asma'u 'Yar Shehu da Matsayin da ta Ba Tsofaffin Mata

A wannan mako za mu kawo tarihin Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama, ta wata fuska da ba a cika dubawa ba, watau yadda ta lura da zukatan tsofaffin mata a zamanin da yaƙi ya ɗaiɗaita gidaje.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A 1805 kuwa, bayan asarar da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa, jama'ar Shehu suka sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, ga yunwa ga cuta. Saboda haka tun tana yarinya ta ga abin da gudun hijira da rashin 'ya'ya ke yi wa hankalin dattijuwa. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

A 1839 ta wallafa Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara hadisai a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Abin lura shi ne ba ciwon jiki kaɗai ta kula da shi ba, ta sa tsoro da damuwa cikin abubuwan da ake nema wa magani.

Amma a ganinmu babban maganin da ta bari shi ne 'Yan Taru. A wancan lokaci mata da yawa, musamman waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, wajen bori suke neman sauƙin zuciya. Nana ba ta tsaya ga hani ba. Sai ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka, waɗanda suka gama haihuwa, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle na naɗi. Malfar nan kuwa irin ta Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori, sai ga ta a kan malama. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata a ƙasa har gidan Nana, su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma gida su koyar, su duba marasa lafiya, su taimaki gajiyayyu. Tsohuwar da a da ake ganin ta gama amfani sai ta wayi gari tana da hadda, da tafiya, da abokan hira, da masu jiran dawowarta.

To, masana na yau sun iso kusa da wannan wuri ta hanyar bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ruɗewar tsufa, wadda muke kira gigin tsufa. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar. A cikinsu akwai ƙarancin ilmi, da ciwon damuwa, da rashin motsa jiki, da kaɗaici. Ba mu ce Nana ta san wannan cuta da sunanta ba, kuma hadda ba ta maye gurbin likita. Sai dai waɗannan huɗu duka tsarinta ya taɓa su.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. A Gusau da Tsafe da Bungudu akwai tsofaffin da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen dangi, babu gona, babu tsara. Idan ɗayarsu ta fara manta sunan jikanta, ko ta fita da dare tana neman hanyar gidan da aka ƙone, sai a ce mayya ce, ko a kulle ta a ɗaki. Alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ga asibitin masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato, kuma malamai sun tabbatar cewa wanda hankalinsa ya gushe babu alhakin shari'a a kansa, alhakin yana kan masu riƙonsa.

Ita kanta Nana ta ɗanɗani rashin da tsufa ke zuwa da shi. Shehu ya rasu a 1817, yayanta Sarkin Musulmi Bello a 1837, mijinta a 1851, sa'an nan aminiyarta A'isha. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba, ta zuba shi cikin marsiyyoyi, ta kuma ci gaba da karɓar ayarin jajoji har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ɗauki jagorancin 'Yan Taru. Allah Ya jiƙanta, amin.