Rowland Bingham: mutumin da ya koma gida sau biyu hannu wofi

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin Galmi, daga Badagishiri ko Illela ko Konni, ya san sunan SIM, ƙungiyar mishan da ta buɗe wannan asibiti cikin gundumar Malbaza a 1950. Kaɗan ne suka san cewa wanda ya kafa ƙungiyar, Rowland Victor Bingham, ya kwashe kusan shekara tara yana ƙoƙari ba tare da ya kafa ko tasha guda ba.

An haifi Bingham ran 19 ga Disamba 1872 a East Grinstead, cikin Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu, dole ya kama aiki tun yana yaro. Ya ba da gaskiya ga Almasihu ta wa'azin ƙungiyar Salvation Army, sannan ya yi ƙaura zuwa Kanada. A birnin Toronto ya haɗu da wata dattijuwa, Margaret Gowans, wadda ɗanta Walter ya riga ya ɗaura niyyar kai bishara ƙasar Sudan. A wancan zamani, Sudan a bakin Turawa na nufin ƙasashen da ke shimfiɗe a gefen kudancin Sahara, har da ƙasar Hausa.

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko: Walter Gowans, Thomas Kent ɗan Amurka, da Bingham da bai cika 21 ba. Babu wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Wani shugaban mishan da suka tarar a can ya gaya musu a fili cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai wataƙila jikoki. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai ya zauna Ikko yana aika wa abokansa kaya, su kuma suka nufi arewa. A ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ya je ya miƙa wa uwar Gowans 'yan kayan ɗanta.

Wannan rashi ya girgiza bangaskiyarsa ƙwarai. Ya tashi cikin Kiristocin da wasunsu ke koyar da cewa mai cikakkiyar bangaskiya addu'a ta ishe shi waraka. To ga mutum biyu masu addu'a sun mutu a kan hanyar da suka tabbata Allah ne ya aike su. Bingham bai bar addini ba, bai kuma naɗe hannu ba. Ya je wani asibiti a Cleveland ya koyi abin da ya samu na aikin jinya, ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a New York, ya zama fasto a garin Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, ya kuma tara 'yan mutanen da za su riƙe aikin.

A 1900 ya sake komawa Ikko da abokai biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, aka mayar da shi gida. Abokan nasa suka karaya, suka biyo shi. Wannan karo abin ya fi zafi, don masu ba da taimako sun fara janyewa, ga surutun mutane. Duk da haka a 1901 ya aika wasu mutum huɗu, shi kuma ya zauna Toronto yana neman kuɗi da ma'aikata. A 1902 suka kafa tasha ta farko a Patigi, bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufawa.

Abin da ya sauya a tsakani ya haɗa da ilimi. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin, aka kuma fahimci amfanin shan kwinin a kai a kai. Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Bature Mai Magani, ya dage kan ma'aikatan SIM su riƙa sha kullum, mace-mace suka ragu. Bingham kansa ya rubuta littafi mai suna The Bible and the Body, inda ya nuna cewa neman magani ba ya rushe dogara ga Allah. A ganinsa, Allah na warkarwa ta addu'a, yana kuma warkarwa ta hannun likita.

Daga nan aikin ya bazu. SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi bayan 'yan shekaru, ta isa Habasha a 1927. Bingham ya rasu a Toronto ran 8 ga Disamba 1942, shekara 49 bayan saukarsa ta farko a Ikko.

Bai ga asibitin Galmi ba. Shekara takwas bayan rasuwarsa ne Dakta Burt Long ya buɗe shi, yau kuma Musulmi da Kirista daga jahar Tawa da arewacin Najeriya na zuwa neman magani a can. Ikilisiyar ECWA a Najeriya da EERN a Nijar duk daga wannan aiki suka fito, akwai kuma jami'a mai sunansa a Karu, jahar Nasarawa.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Haƙurin Bingham ya haɗa da komawa makaranta bayan faɗuwa ta farko, da yarda ya tura wasu bayan jikinsa ya gaza sau biyu. Ya jira Allah yana aiki, abin da aka girba kuma ya zo ne a hannun waɗanda suka biyo bayansa.