Tarihin Antuwan Santekzuferi, Direban Jirgin Wasiƙu

Duk sa'ad da aka tambayi 'yan makaranta aikin da suke so su yi in sun gama karatu, da wuya a rasa biyu ko uku da za su ce tuƙin jirgin sama. Abin da ke ba mu sha'awa kuwa bai wuce farar riga da hula da yawon ƙasashe ba. Iyaye kuma da sun ji haka sai gabansu ya faɗi. Saboda haka na ga ya kamata in kawo tarihin wani Bafaranshe wanda ya yi wannan aiki tun jirgin sama bai yi ƙwari ba, domin mu ga daɗinsa da wuyarsa. Sunansa Antuwan Santekzuferi, a rubutun Faransanci kuwa Antoine de Saint-Exupéry.

An haife shi ran 29 ga watan Yuni 1900 a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Gidansu gidan sarauta ne, amma babu dukiya mai yawa. Ubansa ya rasu cikin 1904, ya bar uwarsu da 'ya'ya biyar. Yana ɗan shekara 12 wani direba ya ɗauke shi a jirgi suka ɗan zaga, a wani fili kusa da gidan da sukan je hutu. Tun daga ran nan son jirgi ya shiga ransa. A makaranta kuwa ba a lissafa shi cikin na gaba gaba. Ya ɗauki jarrabawar shiga makarantar sojan ruwa, ya faɗi.

Cikin 1921 aka kira shi aikin soja, a can ya koyi tuƙi har ya sami takardar shaida. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cikin 1923 jirginsa ya faɗi kusa da Faris, ya sami tsagewa a ƙashin kai. A lokacin yana neman wata yarinya da aure, danginta suka nuna ba sa son su ba da 'yarsu ga mai aikin da kullum ransa ke hannunsa. Sai ya bar tuƙi ya kama aikin ofis. Auren bai yiwu ba, aikin ofis kuma ya gundure shi. Ya koma tallan manyan motoci, nan ma bai yi kasuwa ba. Haka ya yi ta fama har wajen shekara uku.

Cikin 1926 ya sami aiki a wani kamfani da ake kira Latécoère, wanda daga baya aka sake masa suna Aéropostale. Aikin kamfanin shi ne ɗaukar wasiƙu daga birnin Tuluz zuwa Kasabalanka a Maroko, daga nan kuma zuwa Dakar a Senegal. Shugaban direbobi, Didiye Dora, mutum ne mai tsanani ƙwarai. Duk sabon direba, kome ƙwarewarsa, sai ya fara shiga gareji ya yi aiki tare da makanikai, ya kwance inji, ya wanke, ya ɗaura, kafin a ba shi jirgi. Dokarsa ita ce wasiƙa ta isa a kan lokaci. Wanda ya yi wasa da jirgi don burge mutane, ko ya juyo ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, yana iya rasa aikinsa.

Jiragen da suke tuƙawa ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Inji ɗaya gare su, mazaunin direba kuma a buɗe yake, iska da ruwa da rairayi duk a jikinsa suke ƙarewa. Injin yakan mutu a sama ba shiri. In ya mutu a gaɓar Sahara kuwa an shiga wata wahalar, domin wasu daga cikin makiyayan wurin, waɗanda ke gaba da Turawan mulkin mallaka, sukan kama direba su tsare sai an biya fansa. Cikin 1926 har an kashe wasu ma'aikatan kamfanin. Don haka jirage sukan tashi bibbiyu, tare da tafinta, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya sauka ya ɗauki mutane da wasiƙu.

Ƙarshen 1927 aka naɗa Antuwan shugaban wata 'yar tasha a Kap Jubi, inda yanzu ake kira Tarfaya a kudancin Maroko. Teku a gabansa, hamada a bayansa, ɗakinsa na katako a jikin ganuwar sojan Sifen. Ya yi wajen wata 18 a nan. Maimakon ya kulle kansa, sai ya riƙa zama da mutanen wurin, yana shan shayi da su, yana koyon Larabci. Wannan zumunci ya taimake shi wajen ceton abokan aikinsa da suka faɗi cikin jeji ko aka kama. A kan wannan aiki ne gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma cikin 1930. A wannan kaɗaici kuma ya rubuta littafinsa na farko.

Cikin 1929 aka tura shi Ajantina, a Amurka ta Kudu, ya shugabanci reshen kamfanin. A can direbobi suna tashi har cikin dare, domin kada jirgin ƙasa da na ruwa su cinye ratar da aka ba su da rana. Tashin dare a wancan zamani kasada ce babba. Akwai kuma duwatsun Andis masu tsawo da ƙanƙara. Cikin watan Yuni 1930 babban amininsa, Anri Giyome, ya faɗi a cikinsu. Antuwan ya yi kwanaki yana shawagi yana nemansa bai gan shi ba, har mutane suka fid da rai. Ashe Giyome yana nan yana tafiya a ƙasa cikin ƙanƙara, ya kwana da yawa yana jan jiki har ya fito inda mutane suke.

Ana cikin haka, cikin 1931, kamfanin ya karye saboda bashi. A shekarar nan ce Antuwan ya yi aure, a cikinta kuma ya fitar da littafi a kan tashin dare wanda ya ci kyauta. Sai dai littafin ya jawo masa baƙin jini wurin wasu abokan aikinsa, suna ganin yana neman suna da wahalarsu. Daga shugaba ya koma direba kamar kowa, sa'an nan ya koma mai gwada sababbin jirage, har wani jirgi mai sauka a ruwa ya kusa nutsewa da shi. Cikin 1933 aka haɗa abin da ya rage na kamfanin da waɗansu aka kafa Air France. Da suka ɗauke shi daga baya, sashen talla suka sa shi. Ya shiga rubuta wa jaridu labarai don ya sami na cefane.

Rashin kuɗi yana cikin abin da ya sa ya shiga wata kasada a ƙarshen 1935. An sa kyautar faran 150,000 ga wanda ya tashi daga Faris ya isa Saigon da sauri fiye da na baya. Ran 30 ga Disamba, cikin dare, jirginsa ya daki ƙasa a hamadar da ke tsakanin Libiya da Masar. Shi da makanikensa suka fito da rai, amma abin shan da ke hannunsu bai isa na yini ɗaya ba. Suka yi ta tafiya har ƙishirwa ta sa suna ganin abin da babu. A rana ta huɗu wani Balaraben jeji a kan raƙumi ya tsince su ya ba su ruwa. Cikin 1938 kuma ya sake faɗuwa a Gwatemala, ya kakkarye, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Abokansa ma suna ta tafiya. Jan Marmoz ya ɓace a tekun Atlantika cikin 1936 bayan ya tashi daga Dakar, Giyome kuwa an harbo jirginsa a Bahar Rum cikin 1940.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke cikin 1939, likitoci suka ga jikinsa bai dace da tuƙin yaƙi ba. Ya nace har aka sa shi cikin masu ɗaukar hoton sansanin abokan gaba daga sama. Bayan Jamus ta ci Faransa cikin 1940 ya tafi Amurka. A can ya rubuta Le Petit Prince, watau ƙaramin yarima, wanda ya fito cikin 1943, labarin wani direba da jirginsa ya lalace a Sahara. Yana cikin littattafan da aka fi fassarawa a duniya.

A shekarar nan ya komo Afirka ta Arewa ya nemi a mayar da shi bakin aiki. Shekarunsa 43, sun wuce ƙa'idar masu tuƙa sabon jirgin nan mai gudu na Amurka. Tsofaffin raunuka kuma sun sa ko kayan tuƙi sai an taimaka masa yake sawa. Da ya yi kuskuren sauka ya lalata jirgi sai aka dakatar da shi wata da watanni. Ya yi ta kai kuka wurin manya har aka yarda ya yi 'yan tafiye-tafiye kaɗan. Ran 31 ga Yuli 1944 da safe ya tashi daga tsibirin Kosika shi kaɗai, bai komo ba. Sai cikin 1998 wani masunci ya tsamo munduwarsa ta azurfa mai sunansa a teku kusa da Marsai. Cikin 2000 wani mai ninƙaya ya gano tarkacen jirgi a wurin, cikin 2004 kuma aka tabbatar nasa ne.

To, jama'a, jiragen yau sun fi nasa lafiya nesa ba kusa ba, amma damuwar direbobi ba ta ƙare ba. Har yanzu likita yana duba su a kai a kai, in ya sami matsala a ido ko a zuciya aiki yana iya tsayawa. Akwai iyakar shekaru, akwai nisa da iyali. Kamfani ma yana iya rushewa ya bar ma'aikata a rana, kamar yadda Air Afrique ya yi cikin 2002, da Nigeria Airways cikin 2003. Duk wanda ke son wannan aiki a cikinmu, lalle ya dage da lissafi da kimiyya, ya kula da lafiyarsa, ya kuma koyi wani abu na biyu da zai riƙe shi ran da aka sauke shi ƙasa, kamar yadda alƙalami ya riƙe Antuwan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.